Zama da Wanda Ba Naka Ba: Tarihin Ƙananan Ɗabi'un Zaman Gida a Mubi

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi dattijuwa a ƙasar Hausa abin da ke sa gida ya zauna lafiya, da wuya ta fara da dukiya ko girman gini. Abubuwan da za ta ambata ƙanana ne: a gai da na gaba da safe, a share tsakar gida kafin rana ta ɗaga, kowace mace ta san ranar girkinta, a ɗiba wa maƙwabta abin da aka dafa, a yi sallama kafin a shiga, a kama baki idan rai ya ɓaci. Saboda ƙanƙantarsu da kuma sabon da aka yi da su, masana tarihi ba su cika waiwayar waɗannan ɗabi'u ba. An bar su ga masu nazarin al'ada, su kuwa sau da yawa sukan kawo su tamkar wani gado da ya sauko tun kaka da kakanni bai taɓa motsawa ba.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗabi'un nan suna da tarihi, kuma akasarinsu dabaru ne da aka ƙago domin warware matsala guda, wato yadda mutum zai zauna gida ɗaya, ko katanga ɗaya, da wanda ba jininsa ba. Kishiya ba 'yar'uwa ba ce. Haka nan agola da bara da almajiri da baƙon fatake da ɗan haya. An ɗauki garin Mubi a matsayin fagen nazari domin gari ne na bakin iyaka, inda kusan kowa baƙo ne ga wani, kuma inda a shekarar 2014 aka yi wa waɗannan ɗabi'u jarrabawar da ba kowane gari ya gani ba.

2.0 Mubi da Mazaunanta

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, bakin kogin Yedzaram, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Guɗe da Fali su ne tsofaffin mazauna yankin, suna maƙwabtaka da Nzanyi da Kamwe, waɗanda aka fi sani da Higi, da Margi da Kilba. Harsunan waɗannan al'ummu duka 'yan gidan Cadi ne, na reshen Biyu-Mandara a rabon da Paul Newman ya yi a 1977, don haka dangin Hausa ne na nesa, ko da yake mai jin ɗaya ba ya jin ɗayan. Ya kamata a lura cewa harshen nan da masana ke kira Mubi, na reshen gabas, a ƙasar Chadi ake magana da shi, kuma suna kawai ya haɗa shi da garin da muke magana a kai.

Fulani sun zauna a wurin tun wajen ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da yankin ke ƙarƙashin tasirin daular Mandara. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1809, Mubi ta shiga cikin ƙasar Fombina, wadda aka kafa wa hedkwata a Yola a 1841. Hanyar da ta taso daga Kukawa zuwa Yola ta Mubi ta bi, kuma ita Heinrich Barth ya bi a 1851. A Sorau, kudu da Mubi, ya tarar da gari biyu a jere, ɗaya na Barebari ɗaya na Fulani, ya kuma bayyana ɗakin da aka sauke shi dalla-dalla: gadajen ƙasa, da murhu, da wurin jera tukwane, da adon da aka yi wa bango. Abin lura a bayaninsa shi ne kowane kaya yana da mazauninsa a cikin ɗan ƙaramin ɗaki. Ke nan tsara ɗaki ba Turawa suka kawo shi ba, kamar yadda wasu littattafan makaranta na zamanin mulkin mallaka suka so a ɗauka.

Bai kamata a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba. Yawancin manyan gidaje na wannan yanki cike suke da bayi da ƙwaraƙwarai da aka kamo daga kan duwatsu. Littafin ajiyar labaran yau da kullum na Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa da Mubi, wanda ya ƙunshi shekarun 1912 zuwa 1927, aka kuma buga fassararsa a 1995, ya lissafa hare-hare da kamun mutane da kyautar da su kamar yadda ake lissafa dabbobi. Gidan da aka tara mutane ta wannan hanya yana iya yin shiru, amma shirunsa ba na kwanciyar rai ba ne. Duk wanda zai yi maganar ladabi da biyayya a tarihin gidajenmu, dole ya riƙa tuna cewa wasu sun durƙusa ne don ba su da zaɓi.

Daga nan garin ya yi ta sauya hannu. Jamusawa sun kama shi a wajen 1903, suka haɗa shi da Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma riƙon amanar Ingila a 1922, ana gudanar da shi tare da Lardin Adamawa. An yi ƙuri'ar raba-gardama a 1959, aka sake yi a Fabrairun 1961, inda jama'a suka zaɓi Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar sabon Lardin Sardauna. Ta shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, sa'an nan Adamawa a 1991. Sunayen unguwannin garin kawai sun isa su ba da labarin wannan cakuɗuwa. Lamorde da Wuro Patuji da Wuro Guɗe sunaye ne na Fulfulde. Kolere ta samo suna daga Kole'en, wato yadda Fulani ke kiran Barebari. Sabon Layi da Yelwa kuwa Hausa ce tsantsa. A ƙarni na 19 Fulfulde ne harshen hulɗa a Fombina. A cikin ƙarni na 20 Hausa ta ƙwace wannan matsayi a garuruwan ɓangaren Nijeriya ta hanyar kasuwa da aikin gwamnati da makaranta da majami'a da rediyo, alhali a Marwa da Garwa na Kamaru Fulfulde ya ci gaba da riƙe kambinsa. Harshe kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Inda kalmar "sannu" ta shiga, wani abu na yadda ake faɗinta da lokacin da ake faɗinta yakan bi ta.

3.0 Ɗabi'un da Hausa Ta Zo da Su

Shaida mafi cika da muke da ita a kan rayuwar cikin gidan Bahaushe kafin zuwan Turawa da farkon mulkinsu ita ce ta Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Mary Smith ta rubuta labarinta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta zauna a Mubi ba, amma irin gidan da ta bayyana shi ne wanda fatake da malamai da mahauta da maɗinka suka ɗauka suka kafa a zangunan da suka sauka, daga Gwanja har Adamawa. Abin da mai karanta labarinta zai fara lura da shi shi ne yawan shiga da fita a gida guda: amarya ta zo, wata ta fita, an kawo ɗan riƙo, an 'yanta bawa ya zauna a gefe. Ita kanta Baba ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, 'ya'yan wasu ta riƙa. Gida irin wannan ba zai dogara ga ƙauna kaɗai ba, tun da ba a tilasta wa zuciya. Sai an sami ƙa'idojin da ko maƙiya za su iya bi.

3.1 Girki da Kwana

Babbar ƙa'idar ita ce rabon girki. Shari'a ta wajabta wa mai mace fiye da ɗaya ya yi adalci wajen rabon kwana. Al'adar Hausa ta ɗauki wannan hukunci ta ɗaure shi da tukunya: wadda ke da miji ita ke da girkin gida duka, galibi kwana bibbiyu, sa'an nan ta fita wata ta karɓa. Hikimar da ke ciki ta wuce maganar kishi. Da farko an raba aiki mafi nauyi a gida, wato surfe da daka da tuƙa tuwon mutane masu yawa, ta yadda ba wadda za ta ce an bar mata. Na biyu, wadda ta fita girki ta sami kwanakin kanta, kuma a cikinsu ne take kaɗi ko saƙa ko ƙuli-ƙuli ko fura ta sayarwa. Wannan ciniki na bayan katanga, wanda Polly Hill ta yi nazarinsa a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano yadda ya rataya a kan tallar yara, shi ke ba mace kuɗin da ba na miji ba. Da su take zubin adashi, da su take tara kwanonin 'yarta, da su take yin biki. A ganina duk wani bayani na zaman lafiyar gidan Bahaushe da ya tsallake wannan 'yar jaka ta mace bai kama tushen maganar ba, domin yawancin faɗan cikin gida a kan ɗan abin kashewa yake tashi, kuma macen da ke da nata ba kullum take jiran a ba ta ba.

3.2 Kunya da Wasa

Dabara ta biyu tana da fuska biyu. Inda ake tsoron karo tsakanin mutum biyu, al'ada takan sa musu nisa ko kuma ta sa musu dariya. Nisan shi ne kunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. Dariyar ita ce wasan da ke tsakanin jika da kaka, da taubasai, da mace da ƙannen mijinta, inda ake faɗa wa juna maganar da a wani bakin sai an kai ga alƙali. Radcliffe-Brown ya nuna tun 1940 cewa waɗannan hanyoyi biyu aiki ɗaya suke yi a al'ummu da dama na Afirka da wajenta. Abin da ya shafe mu a nan shi ne wasan ya fita daga cikin gida ya shiga tsakanin ƙabilu da garuruwa, kamar Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari. A garin da Kolere ke maƙwabtaka da Lamorde, Bafillace da Babarbare suna da hanyar da za su yi wa juna tsiya a bakin kasuwa su rabu suna dariya, alhali kakanninsu sun gwabza yaƙi.

3.3 Zaure, Sallama da Ƙwaryar Maƙwabta

Zaure shi ne inda gida ke ganawa da duniya. A nan mai gida ke karɓar gaisuwa, a nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, a nan maza ke haɗa akushi su yi ciyayya, a nan almajiri ko matafiyi ke kwana. Amfaninsa shi ne yana ba da dama a karɓi mutum hannu biyu ba tare da an buɗe masa cikin gida ba. Fulanin Adamawa suna kiran wannan ɗaki jawleeru, kuma kamar da ke tsakanin kalmar da "zaure" a bayyane take. A kan wannan tsari ne cinikin shanu ya ginu. Abner Cohen ya bayyana a 1969 yadda "mai gida" a Sabo ta Ibadan ke sauke baƙin da suka kawo shanu daga Arewa, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki. Mubi tana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin da shanun Chadi da Kamaru ke shigowa ta cikinsu kafin su gangara kudu, don haka sauke baƙo a gida, a wurin mutanenta, karamci ne kuma sana'a ce.

Ta ɓangaren mata, abin da ke haɗa gida da gida shi ne ƙwarya ko kwanon da yaro ke ɗauka ya ƙetara. Ba a mayar da shi wayam. Baba ta yi dogon bayani a kan ƙawance da biki, inda ƙawa ke mayar da ninkin abin da aka kawo mata ranar suna ko aure, har abin ya yi yawa a yi shawara a koma ƙasa. Wanda ya kalli wannan da idon ɗan kasuwa zai ga ɓarna. Amma ajiya ce da aka damƙa a hannun mutane, a zamanin da babu banki, kuma ita ke sa mace ta sami waɗanda za su tsaya mata ranar haihuwa da ranar mutuwa a garin da ba ta da dangi.

Akwai kuma ƙofar da aka bari a buɗe don kada tukunya ta fashe, wato yaji da biko. Macen da aka ƙuntata wa takan tafi gidansu, miji ya aika ko ya je da kansa, manya su zauna su ji ta bakin kowa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba su taɓa ɗauka cewa gida zai rasa rigima ba, sai dai sun yi wa rigimar hanya.

4.0 Kalmomin da Ke Ɗauke da Su

Ga mai nazarin harshe, asalin kalmomin yana da abin faɗa. A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Lardin Adamawa ya kuma wallafa tarihinsa a 1958, ya tattara siffofin mutumin kirki a wata lacca da aka buga a 1974. Cikinsu akwai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Idan aka duba za a ga amana da karamci da hankali da ladabi da hikima da adalci duk daga Larabci suke, kamar yadda sallama da lafiya da tarbiyya da albarka suke. Kunya kuwa da mutunci, wanda aka ƙera daga "mutum", na gida ne, haka ma girki da shara da biki da yaji da biko. Wato sunayen ayyukan Hausa ce, amma yawancin sunayen da ake yaba ayyukan da su malamai suka kawo.

Wannan ya dace da abin da aka sani na ƙarni na 19. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab, ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morar aikinsu kawai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke zuwa wurinta daga ƙauyuka su koyi waƙoƙi su koma su koyar da matan da ba sa iya fita. Abin da ake koyarwa ya haɗa da tsarki da salla da kyautata wa maƙwabci da duba marar lafiya da barin gulma. Ta wannan hanya aikin da mace ta saba yi ya sami sabon suna da sabon lada.

Hausa ba ta tarar da fili wayam a Mubi ba. Pulaaku na Fulani yana tsaye a kan semteende da munyal da hakkiilo, waɗanda suka yi daidai da kunya da haƙuri da hankali, kuma hakkiilo da hankali daga tushen Larabci ɗaya suka fito. Gaisuwar Fulfulde tana zagaye kalmar jam kamar yadda ta Hausa ke zagaye "lafiya", ana tambayar kwana da gida da yara da gajiya ɗaya bayan ɗaya. Al'ummun duwatsu kuma suna da nasu tsarin na gayya a gona da girmama surukai da rabon rumbu tsakanin miji da mata. Abin da Hausa ta ƙara shi ne harshe guda da Baguɗiya da Bafillata da Bamargiya za su yi wa juna barka da sannu da shi ta kan katanga.

Kalma ɗaya tana bukatar a yi mata kashedi, ita ce haƙuri. Ita ake fara faɗa wa amarya ranar da za a kai ta, ita ake faɗa mata in ta yi yaji, ita ake faɗa mata in an yi mata kishiya. Ba a cika jin ana nanata wa ango ita haka ba. Wasannin kwaikwayo irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu, da littattafan da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka rubuta daga ƙarshen shekarun 1980, sun nuna abin da ke faruwa idan aka ɗora nauyin zaman gida a kan haƙurin mutum ɗaya. Yawan mutuwar aure a ƙasar Hausa, tun zamanin Baba, shaida ce cewa mata da yawa sun ga iyakar wannan magani.

5.0 Masu Koyarwa na Ƙarni na Ashirin

Da zuwan mulkin mallaka sai hukuma ta sa hannu a abin da a da na uwargida ne. Duba-gari ya riƙa leƙa randa da masai da kwata, ana cin tarar wanda aka samu da ƙazanta, abin da ya sa mutane da yawa suka ɗauki tsaftar hukuma a matsayin abin tsoro maimakon abin so, balle ga shi namiji baligi ba ya wuce zaure sai da dalili. A shekarun 1950 Yaƙi da Jahilci ya zo da ƙananan littattafan Hausa a kan kiwon lafiya da raino da tsaftar abinci. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, daga nan ne kuma sharar gari ta ƙarshen wata ta samo asali. Duk waɗannan sun bar ɗan tasiri, amma wanda aka yi da bulala bai cika daɗewa bayan an ajiye bulalar ba.

Waɗanda suka fi shiga cikin gida su ne ƙungiyoyin addini, kuma a nan Mubi tana da abin da ya bambanta ta da Kano ko Sakkwato. Mishan ɗin da Stover Kulp da Albert Helser suka kafa a Garkiɗa a 1923 shi ya haifi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Kwarhi, kusa da Mubi. Mabiyanta Bura ne da Margi da Kilba da Kamwe da Fali da sauransu, kuma tun da an sami Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen da ke haɗa su. Ƙungiyar matansu, kamar ta sauran majami'un Arewa, Zumuntar Mata ake kiranta, kuma aikinta na yau da kullum shi ne gai da marar lafiya, da zuwa barka da ta'aziyya, da sasanta ma'aurata, da tara gudummawa. A duba yadda aka yi da kalmar. Zumunta a asali ta dangi ce, wadda aka ce a ƙafa take. A nan an miƙa ta ta rufe matan da ba su haɗa jini ko harshen uwa ba. Ta ɓangaren Musulmi, makarantun Islamiyya na matan aure sun yawaita daga ƙarshen shekarun 1970. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ƙarfafa karatun mata ta kuma yaƙi kashe-kashen kuɗi na biki, sa'an nan aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985. Sukar biki ta sauƙaƙa wa magidanta da yawa, amma ta taɓa wata tsohuwar hanyar ajiya ta mata, kuma adashi da ƙungiyoyin unguwa ne suka ɗauki wani ɓangare na nauyin.

Sigar gidan ma ta sauya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗebe yara daga talla da aike na wasu sa'o'i a yini. Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002, sun jawo ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina a Nijeriya, gidajen haya suka yawaita. A gidan haya babu mai gida babu uwargida, sai ɗakuna a jere da rijiya ɗaya da makewayi ɗaya. Abin sha'awa shi ne tsohuwar dabarar ta sake ɓullowa da sabuwar riga: yau sharar wannan ɗaki, gobe ta wancan, kuɗin wuta a raba, kamar dai yadda kishiyoyi ke karɓa-karɓar tukunya. Hirar dare da tatsuniya kuwa sun ja baya gaban rediyo, da finafinan Hausa daga 1990, da wayar hannu daga 2001, har gaisuwar da a da sai an taka yanzu a waya ake yin rabinta.

6.0 Shekarar 2014

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi suka kama ta, suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. A ranar ce kuma suka mamaye Kwarhi. Jama'a suka watse, wasu kan duwatsu, wasu cikin Kamaru, mafi yawa suka nufi Yola, da dama daga cikinsu a ƙafa. Kafin watan Nuwamba ya ƙare sojoji da mafarauta da 'yan banga sun ƙwato garin, amma komawar mutane ta ɗauki watanni.

An buɗe sansanoni a Yola, irin su na Damare da Malkohi. Babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa, ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, ta sauke dubban mutane, Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola tare da shugabannin Musulmi da Kirista na garin suka yi ta rabon abinci. Duk da haka, ƙididdigar da hukumar kula da ƙaura ta duniya ta fara fitarwa daga ƙarshen wannan shekara ta nuna cewa mafi rinjayen waɗanda suka rasa matsuguni a Arewa maso Gabas ba a sansani suke ba, a gidajen mutane suke. Wani ɗan'uwa ne ya karɓe su, wani abokin ciniki, wani ɗan majami'arsu ko masallacinsu, wani kuwa bai taɓa ganinsu ba. Gidan da aka gina don iyali ɗaya ya ɗauki uku ko huɗu. Ba wata hukuma da ta tsara yadda za a zauna a waɗannan gidaje. Abin da aka sani aka koma wa: maza su koma zaure ko baranda, mata da yara su cika ɗakuna, a raba girki da ɗiban ruwa, mai masauki ya ɓoye ƙarewar hatsinsa saboda kunya, baƙo ya rage cinsa saboda kara. Ba ko'ina abin ya yi daɗi ba. An yi gori, an yi saɓani, wasu sun tashi sun koma sansani da abinci ya gaza. Amma da gidajen ba su buɗe ba, da sansanonin ba su ɗauki ko kusa da yawan mutanen ba.

Waɗanda suka koma Mubi sun tarar da ƙofofi a ɓalle da rumbuna a kwashe, sun kuma dawo da wani abu da ba su tafi da shi ba, wato shakkar baƙuwar fuska. Harin bam da aka kai wani masallaci lokacin sallar asuba a Nuwamban 2017, da wanda aka kai wani masallaci da kasuwar kusa da shi ranar 1 ga Mayu, 2018, sun ƙara wannan shakka. Masu unguwanni da jami'an tsaro suka riƙa kiran jama'a su kai rahoton duk wanda ba su gane ba, aka riƙa binciken masu shiga wuraren ibada a bakin ƙofa. Matafiyin da a zamanin Barth sallama kaɗai ta ishe shi ya sami tabarma a zaure, a waɗannan shekaru sai ya faɗi wanda ya san shi a garin. Sababbin gidaje da yawa ma, a Mubi kamar a sauran garuruwan Arewa, ba a yi musu zaure ba, sai ƙofar ƙarfe da ake tsayawa a bayanta a kira mai gida a waya ya zo ya buɗe.